Kyamarar da Ta Leƙa Gidan Mai Ƙuli-ƙuli

Ka ce kundin tsarin mulki ya tsufa, wai ka bincike shi kaf ba ka ga inda ya ambaci kyamara ko intanet ba, don haka ba ka ga yadda zai kare mutanen yau ba. Haba Barista, tun ba a je ko'ina ba har gwiwarka ta yi sanyi? Gyara zama in ba ka wani misali.

A wata unguwa an yi wata mata mai ƙuli-ƙuli, mijinta ya rasu ya bar mata gida da 'ya'ya mata. Duk sana'arta a tsakar gida take yi. Nan take suyar gyaɗa, nan take matsar mai, da ɗaurin ƙirji, gumi na zuba, don ba mai tsayawa gaban kasko da mayafi. Jikin katangarta akwai wani mai shagon kayan masarufi, mutumin kirki, ba ruwansa da kowa, sai dai ɓarayi sun sa shi gaba da fasa shago har ya rasa inda zai sa kansa. Sai ya sayo kyamarar tsaro, ya kafa dogon ƙarfe, ya ɗaure ta can ƙoli don ta hango layin gaba ɗaya. Ta kuwa hango, har da abin da ba a aike ta ba. Wata rana wata maƙwabciya ta shiga sayen sabulu, ta ɗaga kai ta dubi 'yar talabijin ɗin da ke nuna hoton kyamarar a cikin shagon, sai ga mai ƙuli-ƙuli tana tuya, ga kuma maza tsaye a shagon suna ciniki. Da labari ya iso wa mai ƙuli-ƙuli, ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta kwashe kasko da murhu ta koma ɗaki, hayaƙi ya dinga cin idonta da ƙirjinta, 'ya'yanta kuwa ko alwala ba sa fitowa sai da hijabi. Abin akwai ban tausayi, gidanta ne amma ta zama baƙuwa a cikinsa. Ta tura dattijai su yi magana, mai shago ya ce shi fa ɓarawo yake tsaro ba ita ba, kuma ƙarfen a filinsa ya kafa. Da ta ga tari ya fara hana ta aikin da take ciyar da marayu da shi, ta yafa mayafi ta tafi kotu.

Lauyan mai shago wani ne mai baki kamar reza, irinku. Ya ce doka ta hana a keta sirrin gidan mutum, to wa ya keta? Wanda yake karewa bai tsallaka katanga ba, bai taka zaure ba, waɗanda suka rubuta dokar ma sun bar duniya ba su taɓa ganin irin wannan na'ura ba, saboda haka kada a ɗora musu maganar da ba su yi ba. Magana ce mai kama hankali, kuma mutane da yawa a kotun sun gyaɗa kai. Alƙalin bai yi gaggawa ba. Ya taso da ƙafarsa ya zo shagon, ya tsaya gaban talabijin ɗin. Ya ga igiyar shanya, ya ga randa, ya ga ƙofar banɗaki, sai ya kau da kai. Ya tambayi mai shago, idan magini zai hau soro yin yaɓe kafin damina, me yake fara yi? Mai shago ya ce ai sai ya ɗaga murya ya sanar da maƙwabta don mata su kimtsa, kowa ya san wannan. Alƙali ya ce to maginin nan, ƙafarsa tana shiga gidan wani? Ya ce a'a, idonsa ne ke shiga, yana faɗar haka kuma ya sunkuyar da kai.

Alƙali ya ce, "Waɗanda suka rubuta dokar nan ba su san kyamara ba, amma sun san kunya, kuma ita suka tsare. Magini yana neman izini ya hau, da yamma ya sauko. Naka maginin bai nemi izini ba, kuma ba ya saukowa."

Bai ce a cire kyamarar ba, don shi ma mai shago yana da haƙƙin tsare dukiyarsa, kundin da ya rufa wa matar asiri shi ne ya ba shi wannan. Ya yanke a sauko da ita ƙasa da tsayin katanga, a juya ta ta fuskanci ƙofar shago da titi. Mai shago da hannunsa ya kwance ta, ya kuma aika matarsa ta ba maƙwabciyarsu haƙuri. Washegari mai ƙuli-ƙuli ta fito da kaskonta tsakar gida, ta hura wuta a sarari, ta ci gaba da tuyarta.

To ka gani, ba a ƙara wa dokar harafi ɗaya ba, ba a kuma rage ba. Alƙalin bai cusa son ransa ba, ya dai tambayi abin da dokar ke tsarewa, ya bi shi har inda zamani ya kai shi. Shi ya sa ni ban fid da rai da kundin nan ba. Gobe za a ƙero abin da ya fi kyamara iya leƙe, kuma muddin akwai mai yin wannan tambayar, talaka zai samu inda zai fake. Ai Hausawa sun riga sun gama magana: idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.