Kazar da ta kwanta kan baragurbi

Ka ce 'yan'uwanka sun yar da kai, ba mai leƙo ka. To, gyara zama ka ji wani misali.

Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna birni. Annoba ta share mata kaji har da zakaran, saura kaza ɗaya. Ana tsakiyar sanyi kazar nan ta fara kwanci. Tsohuwa ta zuba ƙaiƙayi a fasasshiyar tukunya, ta mai da ƙwan ciki, ta ajiye kusa da murhu inda iska ba ta kaiwa. Kullum da hantsi sai ta ɗaga kazar da hannu, ta ba ta tsaba da ruwan ɗumi, don in an bar ta ba za ta tashi ba. Ita kaɗai take yi wa magana a gidan. Mako uku ya wuce, ba ko tsiyako. Kaza ta rame, ƙirjinta duk ƙashi. Tsohuwa ta girgiza ƙwai ɗaya a kunne, ta ji ruwa. Ƙwan da ba zakara, ai baragurbi ne.

Mai kaji da zakara da ta sani ita ce ƙanwarta, can ƙetaren rafi. Shekara biyu ba su ga juna ba, don tsohuwa ta ce ita ce babba, ita ya kamata a zo wa. Amma ta ga kazar za ta mutu a banza. Ta yafa zane biyu, ta ɗauki ƙwarya, ta bi hanya tana rawar ɗari. Ta tarar da tsakar gida ba shara, murhu ba wuta, ƙanwar tana kwance a ɗaki, ƙafa ta shanye tun bara.

"Yaya, ke ce?" in ji ƙanwar. "Na ɗauka kin yafe ni."

Tsohuwa ta ajiye ƙwaryar, ta hura wuta, ta dama mata kunu. Da la'asar ta koma da ƙwai takwas, ta sa wa kazar. Washegari ta sake ƙetare rafin, ba don ƙwai ba.

Kai ma kana zaune kana jira, ba ka san halin da suke ciki ba. Hausawa sun ce, zumunta a ƙafa take.