Kwalin Ƙyanƙyasar Shafa'atu

Kwana ashirin da uku ke nan ƙwaina na cikin kwali, ko motsi babu.

Ni na haɗa abin da hannuna: kwalin taliya, tsohon bargo, 'yar fitilar kananzir da kwanon ruwa. Kullum sau uku nake juya su. Ƙungiyar mata ta garinmu ta ce wadda nata suka ƙyanƙyashe, ita za a tura Katsina koyon kiwon kaji. Ni ban iya magana cikin mutane ba, shi ya sa na dogara da kwalin.

Suwaibatu, ɗiyar ƙanwar Inna, ita kaɗai na koya mawa. Ita ta sawo mana ƙwan a kasuwar Sheme, ta ba ni sha biyu.

Nata tara suka fito. Jiya aka kira sunanta a ƙungiya, ita za ta Katsina.

Ɗazu ta shigo ta dafa kafaɗata. "Haƙuri, Shafa. Ƙila sanyi ne ya shige su. Kawo in zubar maki kafin su ishe ku da wari."

Na ce, "Bar shi, zan zubar."

Tana fita na fasa ɗaya don in ga inda na yi kuskure. Na fasa na biyu, na fasa sauran.

Duka dafaffu ne, har gwaiduwa. Fitilata kuwa ko ruwa kofi ɗaya ba ta iya tafasawa.