Gwajin Kunne a Bayan Labule

Vernon Halvorsen ya kakkaɓe ƙanƙarar da ke takalmansa a ƙofar gidan rediyon, ya rataye kwat ɗinsa kusa da wata doguwar rigar sanyi ta mata da bai san mai ita ba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana rataye kwat a ƙusar nan. Da safen nan bai gai da kowa ba.

A ɗakin ƙasa akwai faya-fayan garmaho dubu goma sha biyu. Shi ya jera su, shi yake goge su ɗaya bayan ɗaya da ƙyallen karammiski. Bara aka kwafe su duka cikin kwamfuta, bana kuma hukumar gidan ta ce ran Litinin za a kwashe su, a ba ma'aikatan sashen talla ɗakin. Wata uku Vernon yana bin 'yan hukumar har gida, yana gaya musu sautin kwamfuta gawa ce da aka yi wa kwalliya. Da Mista Brandt, shugaban hukumar, ya gaji, sai ya sa masa sharaɗi.

"To, Sarkin Ji, za a sa maka kiɗa ɗaya sau biyu a bayan labule. Ka nuna mana wanda ya fito daga kwamfuta, faya-fayanka su zauna. In ka kuskure, ka bar mu mu huta."

Joyce Lindqvist, manajar gidan, ita aka ɗora wa shirya gwajin. Vernon ne ya koya mata aza allura kan faifai lokacin da ta zo neman aiki da ƙuruciyarta. Ta tarye shi a bakin babban ɗakin ɗaukar murya da kofi a hannu.

"Baba, kwantar da hankalinka. Yadda na shirya abin nan, ko kurma sai ya ci."

"Kurma ma na zama ke nan," in ji shi. Bai karɓi kofin ba.

An ajiye masa kujera a tsakiyar ɗaki, taku huɗu daga wani baƙin labule mai kauri. 'Yan hukuma biyar suna jere a bayansa, suna cin kek suna zubar da ɓurɓushi a kafet. Wani ƙamshi kamar na ƙaro ya bugi hancinsa, ya ce a ransa sun sake canja man goge daɓe ba su tambayi kowa ba.

Joyce ta ce, "Na farko."

Tun daga jan izgar farko ya gane shi. Kiɗan juyayin nan ne na 'yan Finland masu haƙar ƙarfe, wanda mai goge Aili Koskela ta goga a 1974, wanda yake rufe shirinsa da shi kowace Lahadi. Sautin ya zo cikakke, da ɗumi, da 'yar ƙarar faifai a ƙarƙashinsa kamar wuta na cin ƙirare. Ya rufe ido. Da kiɗan nan aka raka matarsa makabarta.

"Na biyu."

Aka ɗan jima. Daɓe ya yi ƙara a bayan labule. Ko tsayuwa waje ɗaya ma'aikatan yanzu ba su iya ba.

Sai abin ya fara. Kiɗan ne dai, amma an tsotse shi. Izga tana kartar tsirkiya kamar ana kankare tukunya. In ya hau sama sai ya sirance yana rawa, tsakanin gaɓa da gaɓa kuma ana jin wani huci-huci, irin dattin da ya tabbata na'ura ce ke barinsa in ta matse waƙa don ta shiga waya. Har saurin kiɗan sun ɓata. Wannan ƙazantar suke so a bar wa jikoki.

Bai bari ya kai ƙarshe ba. Ya miƙe.

"Ya isa haka! Kashe shi. Na biyun ne."

Kiɗan ya yanke a tsakiyar gaɓa.

"Baba," in ji Joyce, muryarta ta canja, "don Allah ka zauna ka ji shi har ƙarshe."

"In ji me, 'yar nan? Amai nake ji." Ya juya ga Brandt. "Ranka ya daɗe, kai inshora kake sayarwa, ban zarge ka ba. Amma wannan ba hannun mai rai a cikinsa. Ba jini, ba numfashi. Da Aili Koskela za ta ji abin da kuka mai da kiɗanta, da ta gwammace tun farko a gutsure mata yatsu. Duk wanda ya fito da wannan sautin ya ji kunya."

Ba wanda ya yi dariya. Brandt ya ajiye kek ɗinsa, ya zuba wa takalmansa ido.

"Na farkon ne kwamfuta, Baba," in ji Joyce, da kyar ake jin ta.

"Ƙarya ne! In kuwa gaskiya ne, to kun lalata mini faifai. Fito da shi in gani."

Joyce ta tsaya kamar ba za ta motsa ba. Can ta je ta ja labulen.

Ba garmaho a wurin, ba faifai. Aili Koskela ce tsaye kusa da lasifika, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya cikin rigar zuwa coci, gogenta a ƙarƙashin haɓa, izgar a hannunta.