Ranar da Baba Ya Zo Babu Kaki

Wahala kam mun sha ta. Shekarar da aka sami mulkin kai, Baturen da Baba ke yi wa masinja a bakin iyakar Dahome ya tattara ya tafi, aikin ma ya bi shi. Lokacin Baba ya daɗe da sakin Inna. Muna zaune gidan Kawu a Geza, duk wata Baba yana aiko da kuɗin ciyar da ni yadda alƙali ya yanke.

Wata rana bayan la'asar ya zo, babu kakin nan nasa mai sitaci, sai tsohuwar taguwa mai warin zufa. Ya tsuguna a zaure ya faɗi abin da ya faru.

Kawu ya ce, "To, in ba ka iyawa, ɗauki ɗanka ka kai ma danginka ƙetare. Bakunan da nike ciyarwa sun ishe ni."

Na damƙe gefen tabarma.

Inna ba ta fito ba, ba ta kuma kama sunansa ba. Daga bayan zana ta ce, "Yaya, a ce mishi gonata ta fadama ba ta da mai noma. Ya noma ta, shinkafar ta ciyar da yaro. Ni zan gaya ma alƙali na yarda."

Kawu ya yi tsaki. "Da hannun ɗaukar takarda?"

Baba ya buɗe tafinsa ya duba. "Zai koya."

Na ga maza da yawa da aiki ya ƙare musu suka ɓace. Shi bai ɓace ba. Washegari da sassafe ya yi sallama da fartanyar aro a kafaɗa, ya ce in ɗauko gorar ruwa in nuna masa hanya.