Shuɗin Silin Barandarmu

"Sauko daga tsanin nan, Lemuel, kafin in girgiza shi!" in ji Kaka Odessa.

Baba bai sauko ba. Wata uku yana gyaran barandar tsohon gidanmu na birnin Savannah, ya canza ruɓaɓɓun katakai, ya sake sassaƙa ginshiƙai. Saura silin kawai, kuma shuɗi zai shafa, kamar kowane gida a layinmu, don fatalwa ta ɗauka ruwa ne ta kasa tsallakewa.

"Mama, ke da ba kya fashin coci, fenti kike tsoro?"

"Ka shafa, mai kunnen ƙashi. Za ka gani."

Ni dai na ɓuya a bayan littafina. Na fara zargin ko Kaka ma fatalwa ce, don ban taɓa ganin ta yi atishawa ba. Da fentin ya bushe na zuba mata ido. Ta ratsa barandar lafiya lau, har da tsaki.

Washegari muka tarar da kicin kaca-kaca, tukunyar jatan lande tana nan yadda muka bar ta.

Baba ya ce, "Corinne, yau ba ki yi wanke-wanke ba?"

"Ni? Ai na ɗauka kai kake yi!"

Kaka ta kurɓi shayinta. "Marigayi ubanka ne yake yi, Lemuel. Yana raye bai taɓa ɗauraye ko cokali ba, shi ya sa na ce sai ya rama. Ga shi can ka bar shi a waje."

Baba ya dubi tulin kwanukan, ya dube ni.

Na riga shi zuwa tsanin, da wuƙar kankare fenti.