Kira na Tamanin da Ɗaya

Yau ma an ƙara wa masu amsa kiran kamfanin awa biyu dole, wayoyinsu na kulle a akwati. Ɗaya daga cikinsu, kira tamanin ta amsa. Na tamanin da ɗaya, sai ga muryar wanda zai aure ta.

"Sau goma sha huɗu na buga kafin layi ya faɗo kanki," ya ce. "Asabar fa? Mama na tambaya."

Ta ɗaga ido. Shugabar sashe na tsaye, kujera biyu tsakaninsu, ga shi ana naɗar kowane kira. Takardar neman hutunta na gabanta, an soke ta karo na uku.

"Yallaɓai, abin da ka nema ba zai samu ba wannan makon."

"Ni ne yallaɓai?" Ya yi 'yar dariya. "Sau uku tsohuwar nan tana gyara ɗaki tana jiranki. Ta ce ba na huɗu. Ki ce min kina zuwa, shi kenan."

Ta buɗe baki, shugabar ta juyo.

Sai ta ce masa, "Akwai wani abu da zan taimaka maka da shi?"

"Babu," ya ce, ya kashe wayar.

Daƙiƙa bakwai ake ba su tsakanin kira da kira. Ta share idonta a cikin biyar, na tamanin da biyu ya shigo.