Rawanin Aro daga Kasuwar Lahadi

Wallahi ko na dafa littafi ba za ku yarda ba, amma ni Tanimu, da na bar lakwal, wato makaranta, tun kafin lakwal ta kore ni, na sa kwamitin kulob guda hawaye da rawanin aro.

Kulob ɗin unguwarmu a Tahoua, Guguwar Ader, ya kai wasan ƙarshe na gasar hutu. Da rarrafe muka kai, domin mai ci mana ƙwallo, abokina Hashimu, yana zaune bakin fili. Shekarun baya dabbobi suka shiga gonarsu wajen Affala, rigima ta tashi, Hashimu ya sari wani makiyayi da adda a kafaɗa. Hannun hagun mutumin bai ƙara ɗaguwa ba. Kotu ta ɗaure Hashimu, ya gama zamansa a gidan kaso, ya fito a rame, ba ya kallon idon kowa.

Kwamiti ya rabu biyu. Wasu suka ce ya gama hukuncinsa, a bar shi ya buga. Wasu suka ce yara na kallo, kada su ɗauka ƙafa mai cin ƙwallo tana wanke adda. Shugabanmu Malam Attahir ya yanke magana.

"Kotu ta karɓi nata. Rigar kulob kuwa ba zai sa ba, sai wanda ya rasa hannu ya zo ya yafe da bakinsa."

Aka ba direba saƙo zuwa Takanamat, a gaya wa makiyayin, Souleyman. Shiru. Ga zaman kwamiti na ƙarshe ranar Lahadi bayan azahar.

Nan basirata ta motsa. Mutanen arewa masu amawali irin su Souleyman ba sa yaye rufin bakinsu gaban manya, kuma babu mai kunyar da zai ce su yaye. A kwamiti babu wanda ya san Souleyman. To me zai hana in zama shi? Ko Hashimu ban gaya wa ba, don shi yanzu ƙarya ba ta zama a bakinsa.

Da safe na shiga kasuwar dabbobi neman rawani. Na tarar da wani dattijo a gindin itace, fuska a rufe, yana dafa shayi. Na zauna na zuba masa dabarar duka, don ni ban iya ɓoye abin kirki ba. Ya saurara har ƙarshe, idanunsa na ƙyalli. Ya ciro rawani daga jaka, ya ce in danne bakin da yatsa, ya naɗa mini da hannu ɗaya, zagaye bayan zagaye. Gwanin gaske!

Na gwada masa yadda zan rataye hannu kamar matacce. Ya ce ba haka ba, in soka shi cikin riga, mai irin wannan ciwo ba ya son a gani. Ya kuma ce babu wanda zai yarda da yafiyar banza. In ce Hashimu zai je ya ja wa dabbobi ruwa a rijiya har damina ta sauka.

"Ka haɗa da abokin nan nasa mai surutu," in ji shi. "Sai maganar ta fi kama da gaskiya."

Na yi dariya har rawani ya so zamewa. Ruwan da babu mai karɓarsa, ai ko ƙungiyar duka sai in haɗa. Ya ce zai biyo ni ya sha kallo. Na ce zo, baba, yau za ka ga aiki.

Ai kuwa ya gani. Na shiga farfajiyar da kwamiti ke zaune a hankali, ina jan ƙafa, na shaƙe murya, na karya Hausata. Aka tashi aka ba ni kujera, ni da kullum ake kora daga kan benci. Na ba da labarin shekarun da na yi ba na iya ɗaure raƙumi, ba na iya ɗaga jikana. Kalmomin dattijon ne, amma ni na sa musu gishiri. Ma'ajin kulob ya share ido da hula. Hashimu kuwa ya durƙusa yana kuka kamar yaro, ya kasa ma fuskantata, sai bakin ƙofa yake duba.

Na faɗi sharaɗi: Hashimu da abokinsa Tanimu, rijiya, har damina. Malam Attahir ya ce ya ɗaukar wa Tanimu alkawari, ko da igiya za a kai shi. Hashimu ya rantse. Aka yi fatiha, aka shafa, aka miƙa masa riga mai lamba tara. Waje yara suka kaure da ihu, ni kuma cikin amawali ina cizon leɓe kada dariya ta tona ni.

Ina shirin sulalewa sai Hashimu ya miƙe da rigar a hannu. Na buɗe hannun dama in rungume shi. Ya wuce ni kamar turke, ya zube gaban dattijon da ke bakin ƙofa.

Dattijon ya dafa kan Hashimu da dama, ya ce ya buga wasansa tukuna. Sannan ya zaro hannun hagu daga cikin riga, busasshe kamar kara, ya juyo gare ni.

"Tanimu, riƙe rawanin. Rana tana da zafi a bakin rijiyata."